Gaiwar da Ta Farka a Jikina

Tun ina amarya na fara ƙiba, kuma ina son abata. A littattafan soyayyar da muke karɓa-karɓa a makaranta, duk amaryar da ta dace da miji sai ta murje, kumatu su fito, wuya ya yi gaɓa-gaɓa. Haka na yi. Maigidana manomin shinkafa ne a fadamar da ke hanyar Guri. Bai iya daɗaɗan kalamai irin na samarin littafi ba, amma bai taɓa shigowa hannu rabbana ba: yau dabino, gobe rake, jibi zuma a gora. In 'yan'uwansa suka ce na yi kyau, sai ya gyara zaman hularsa ya ce, "Ai kiwon ba na wasa ba ne." Wannan maganar ita ce wasiƙar soyayyata, na adana ta a zuciya.

Cikina na fari yana wata shida ƙishirwa ta sa ni gaba. In sha ruwa kofi uku, ban ajiye kofin ba ina neman ƙari. A wurin awo akwai wata dattijuwar ma'aikaciya mai tabarau, Sista muke ce mata. Ta ba ni wani ruwa mai zaƙi na sha, na zauna jira, sannan ta ɗebi jinina.

"Suganki ya hau," in ji ta. "Irin wanda ke zuwa da ciki ne. In ba a kula ba, ɗan zai yi girman da fitowa za ta yi masa wuya, ke ki wahala, shi ya wahala."

Ta yi bayani mai tsawo a kan abinci, amma hankalina ya tsaya a kan ɗan. Kalma ɗaya kawai na kawo gida: suga.

A wata na bakwai na koma gidanmu goyon ciki. Da na faɗa wa Inna, mahaifiyata, ko a jikinta.

"Suga kuma? Ai zaƙi ne, 'yar nan. 'Yan asibiti ne suka sauya masa suna."

Zaƙi dai kowace mace a garinmu ta san shi. Ana cewa in mai ciki ta cika shan kayan zaƙi, wani abu mai yauƙi yakan taru ya tare wa ɗa hanya ranar naƙuda. Maganinsa ɗaci. Inna ta dafa min sabara da wasu saiwoyi, ina sha ina runtse ido. Ta ɓoye gwangwanin sukari a ɗakinta. Kunu kuwa da zuma take dama min, don zuma magani ce. Tuwon shinkafa malmala biyu, wani lokaci uku, tunda shi ba wanda ya taɓa jin zaƙi a bakinsa.

Bayan mako biyu muka koma awo, ni da Inna, ina taƙama na bi doka. Sista ta duba na'urarta, ta dube ni ta saman tabarau.

"Ke, me kike ci?"

Na lissafa mata. Inna ta karɓe da alfahari: "Ko ƙwayar sukari ba ta taɓa harshenta ba, Sista. Ga maganin zaƙi safe da yamma."

Sista ta dafe kai. "Hajiya, zaƙinku daban, nawa daban. Naku a hanya kuke nemansa, nawa a cikin jini yake. Tuwon shinkafar nan, da ya sauka ciki suga yake komawa. Zuma kuwa yayarsa ce."

"Tuwo?" Inna ta riƙe haɓa. "To me ya rage a duniya?"

Ni kuma wata tambaya ce ke cina. Na ce, "Sista, yayata ta fi ni ƙiba, tukunya ɗaya muka ci, haihuwarta huɗu, ba a taɓa ce mata suga ba. Me ya sa ni?"

Ta ajiye alƙalaminta. Ina jin ba a cika yi mata irin wannan tambayar ba.

"Ke 'yar Haɗeja ce, kin san gaiwa?"

Wa bai san gaiwa ba? Kifin da in fadama ta bushe yake shigewa cikin laka ya kwanta wata da watanni. Ka taka wurin ka wuce, ƙasa ce kawai a tsattsage. Ranar da kogi ya kawo ruwa sai gaiwar ta motsa.

"To kitsen jikin mutum ba buhu ba ne da aka jingine a lungu," in ji ta. "Rai gare shi, aike yake yi cikin jini. A cikinsa akwai ƙwayoyin gado, wasu a farke, wasu a kwance kamar gaiwa. Ciki shi ne zuwan ruwa. A jikin wata su ci gaba da barcinsu, a jikin wata su motsa, jikin ya daina jin maganar abin da ke sauke suga. Dalilin da ya sa taki ta farka ta yayarki ba ta farka ba, masu bincike ma ba su gama ganowa ba."

A hanyar gida, cikin a-daidaita-sahu, ina ta taɓa damtsena. Ashe wannan taushin da nake yi wa kallon shaidar so, fadama ce mai abubuwa a kwance. Me kuma ke ciki da ban sani ba? Daga wa na gado?

Inna ce ta amsa, ba tare da na tambaya ba. Tana kallon waje ta ce, "Iya ma manyan 'ya'ya take haifa. Biyu ba su zo da rai ba. Cewa muka yi zaƙi ne ya tare." Iya kakata ce, mahaifiyarta.

Daga ranar tuwona ya koma rabin malmala, miya ta fi shi yawa. Wake, zogale, kifi, ƙwai. Bayan kowane cin abinci in zaga tsakar gida sau ashirin, kaji suna bina. Sabarar ma Sista ta ce a ajiye, Inna ta ajiye tana ƙunƙuni.

Wanda ya fi ba ni tausayi maigidana ne. Ya zo gaishe da Inna da ledar dabino, na tare shi a zaure na yi masa bayani. Ya daɗe yana juya ledar.

"Wato kiwon nawa ne ya jawo?"

"A'a. Gaiwa ce, tun ta Iya."

Bai gane ba, sai da na faro masa daga farko. Washegari ya dawo da ɗaurin zogale rungume a ƙirji, ganye har haɓarsa, yana jin kunyar mutanen unguwa. Ban taɓa karanta saurayin da ya kai wa masoyiyarsa zogale ba, amma da na hango shi sai da zuciyata ta buga.

Awo bayan awo lambar sugan ta riƙa sauka, ba ta kai mu ga allurar sauke suga ba. Ranar wata Talata da hantsi na haifi mace, madaidaiciya, da kukanta ta fito. Aka soki 'yar dunduniyarta aka auna suganta, Sista ta ce lafiya lau. Inna ta yi hamdala, sannan ta ce a hankali ai sabarar farko ma ta yi nata aikin.

Bayan arba'in aka sake auna ni, suga ya koma daidai.

"Gaiwar ta mutu ke nan?" na tambaya.

"Ta dai koma laka," in ji Sista. "Ki riƙa zuwa ana dubawa, musamman in wani ruwan ya zo."

Yanzu yarinyar ta fara cika, cinyoyinta sun yi gaɓa-gaɓa. In ina shafa mata mai bayan wanka nakan tsaya a kan taushin nan, ina tunanin abin da ke kwance a ciki, na Iya ne ko na dangin ubanta. Ban sani ba. Amma in ta girma zan faɗa mata zaƙi iri biyu ne, kuma zan gaya mata wanda ake nema a jini.