Kawu Sale a Gidan Marayun Birrai

Duk wanda ya san Kawu Sale, wan mahaifiyata, ya san ba ya kwana a wajen Madina. Ko Khaibar ya je sarin dabino, kafin isha'i ya dawo gidansa na Ƙuba, wai kada ajali ya riske shi a wani gari ya rasa makwanci a maƙabartar Baƙi'a. Bikin ɗansa na cikinsa a Jidda aka yi, a tsaye ya ci shinkafar ya juyo.

To, wannan mutumin ne ya raka ni Kamaru. Ina shekarar ƙarshe a jami'a aka tura ni sanin makamar aiki a wata cibiya da ke renon birran da aka ƙwato daga hannun mafarauta. Babana ya kafe ba inda za ni ba muharrami, ga shi in babu aikin babu digiri. Yayyena kowa ya noƙe, matsorata. Ina kuka a falo Kawu ya shigo, ya ji zancen, ya ja tsaki ya ce a yi masa fasfo. Likkafaninsa ya fara sakawa a jaka, sannan dabino. A jirgi kuwa bai bar ma'aikaciya ta huta ba, wai ta leƙa ta gano masa ko direban ya yi barci sosai jiya.

Da isarmu wani jami'i ya karanta mana doka: ba taɓawa, ba ciyarwa. Kawu yana ta gyaɗa kai, har jami'in ya yi kuskuren cewa yawancin birran marayu ne. Shi ke nan! Washegari na same shi ya zura hannu ta wayar keji yana shafa kan wani ɗan biri.

"Kawu, mamnu'u ne fa, an hana, za su kore mu!"

"Ya binti, 'yata, shafa kan maraya lada ne. Ba a ce ban da mai wutsiya ba."

Bai rufe baki ba marayan ya fizge hularsa ya haye can sama da ita. Har muka taho Kawu mara tarbiyya yake kiransa, amma kullum sai ya tambaya ko an ba shi abinci.

Aikina shi ne in zauna shiru ina lura da halayensu, in kuma kwashi kashinsu a kwalba don gwaji. Ranar da ya gani sai da ya yi salati ya dafe kai. Amma da yamma ina jin sa a waya yana cika wa abokansa na unguwar Al-Sih baki, wai 'yarsa babbar likita ce, marasa lafiyarta har kan bishiya suke bin layi.

Saura kaɗan in gama, zazzaɓin cizon sauro ya kayar da shi. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Mutumin da ko Jidda ba ya kwana, ga shi yana rawar ɗari a dajin da ko sunansa bai iya faɗa ba, kuma ni na jawo. Na hau haɗa kaya, na ce gobe sai gida, digirin ya tafi abinsa. Ya buɗe ido ɗaya.

"Kin gama kwasar kashin?"

"Da saura, Kawu."

"To halas, magana ta ƙare, ajiye jakar nan. Ban yi wannan uwar tafiya don in koma da rabin likita ba. In Allah ya rubuta mini Baƙi'a, sauro bai isa ya goge ba."

Haka na ƙarasa aikin, ina fita da kwalabe ina dawowa in tarar yana faɗa da mai yi masa allura. Ya warke, muka dawo, ya sumbaci ƙofar gidansa a gaban maƙwabta.

Bara ya cika a ɗakinsa, aka sallace shi a Haramin Madina. Da maza suka dawo daga Baƙi'a suna kakkaɓe ƙura, sai a lokacin na gane girman abin da ya yarda ya rasa saboda ni, na yi kukan da ban yi ba da safe. Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka makwancinsa, ya sa maƙwabtakar da ya yi da Manzo a nan ta ɗore har can.