Ƙwayayen Fitilar da Ba Su Ƙone Ba

A ƙarƙashin gadona akwai wani tsohon gwangwanin madara cike da ƙwayayen fitilar mota. Ko ɗaya babu wanda ya ƙone a ciki. Jikokina sun sha tambayata amfaninsu, nakan ce su mayar inda suka ɗauko.

Maigidana direban a-kori-kura ne. Da rani, in tumatirin Watari ya nuna, yakan yi lodin kwanduna da la'asar, ya kama hanyar Kano tun kafin assalatu don ya riski kasuwa kayan ba su yi laushi ba. A shekarun da taki ya gagare mu, hatsin gona ya daina kai mu ko rabin shekara, motar nan ce tuwonmu.

A irin wannan lokaci ya fara ƙorafi wai fitilar ta rage haske. Ya tafi Bici wurin mai gyaran wayar mota, wanda ɗan ƙanwar babansa ne, wato taubashinsa. Ya dawo da sabon ƙwai a mota, tsohon a aljihu, yana dariya.

"Kin ji ja'irin nan? Wai ƙwan lafiyarsa ƙalau, idona zan kai gareji. Na ce kai da ba ka bambance jar waya da baƙa sai rana ta take."

Na taya shi dariya. Maganar taubashi ai wasa ce, ko zagi ya yi ba a riƙewa, balle a ɗauke ta shawara.

Daga nan abin ya zama al'ada. Duk sanda ya sake ƙwai, bayan magariba sai ya juya motar ta fuskanci katangarmu, ya kunna, ya kira ni bakin soro.

"Zo ki gani. Yaya kika gan shi?"

"To, Malam, da dama-dama."

"Bai kai na da ba ko?"

"Bai kai ba."

Alhali ni na riga na ga abin da na gani. Na ga hannunsa yana wuce buta ya dawo yana lalube. Shi ne yake duba mini littafin yaƙi da jahilci in na dawo daga aji, sai ga shi yana kai littafin nesa yana dawo da shi kusa, yana cewa masu bugawa sun soma rowar tawada. Amma a gidanmu an koya mini mace ba ta duban mijinta ta ce masa ya gaza. Kuma kada in ɓoye, akwai tsoro. In ya ajiye mota, me zan zuba a tukunya?

Da ƙwan da aka saba sawa ya ƙi gamsar da shi, sai ya sayo wani fari fat mai ratsin shuɗi, irin wanda ke kashe idon duk wanda ya taho. Kwana kaɗan direbobi suka ishe shi da zagi a hanya. Masu kula da hanya kuma suka tsare shi, suka ce doka tana son fitilar da za ta nuna maka gabanka ba tare da ta rufe idon ɗan'uwanka ba. Dole ya cire. Taubashin ya sa masa wanda doka ta yarda da shi, ya goge gilashin har ya yi sheƙi, ya ja layi da gawayi a jikin bango ya daidaita hasken a kai.

Washegari, maigidan yana hanya, sai ga taubashin ya yi sallama. Ya tsaya a soro, ni ina daga ciki.

"Matarmu, yau ban zo da wasa ba. Fitilar nan babu irinta a duk tashar. Ni in na faɗa masa dariya yake yi. Ke ki faɗa."

Na ce to. Na dafa tuwo, na kai masa ruwan wanka, na buɗe baki sau biyu, na rufe.

Kwana huɗu bayan haka, gab da Bici, ya daki amalanken shanu da ke tafiya a gefen titi. Allah ya tsare mai amalanken. Bijimi ɗaya ya karye, aka yanka shi a nan bakin hanya. Mutumin manomi ne kamarmu, shanun huɗarsa ke nan guda biyu, ga damina ta matso. Ya zo gidanmu da dattawan garinsu, ya ce ƙaddara ce. Da ya yi faɗa, da ya fi mini sauƙi.

Duk da haka maigidan ya sake sayo ƙwai. Bayan magariba ya kira ni yadda ya saba. Na tsaya, hasken ya dawo daga katanga ya cika mini ido har ruwa ya zubo.

"Yaya kika gan shi?"

"Malam, ina ganin tururuwa tana hawa katanga."

Ya juya ya dubi katangar, injin yana ta kaɗawa.

"Tun yaushe?"

"Tun ƙwan farko."

Ya kashe motar. Bai ɗaga murya ba, dama ba halinsa ba ne. Cewa kawai ya yi, "Da kin faɗa, da bawan Allahn nan yana da abin huɗa bana."

A asibiti suka ce ciwon yanar ido ne ya rufe ido biyun, kuma na daman ya yi nisa. Makullin motar ya koma hannun ƙaninsa, abin da ake kawo mana ya ragu, muka saba da kunu da dare. Mun yi shekaru tare bayan nan, bai taɓa goranta mini ba. Sai dai bai ƙara kirana in duba masa wani abu ba. In yana son ya san ko rigarsa ta fita, ko hadarin gabas na ruwa ne, sai ya lalubi sandarsa ya fita ya tambayi maƙwabci, ni kuwa ina zaune a tsakar gida ina jinsu.