Ranar da Na Sauke Goyo a Gindin Dutse

A unguwarmu ta Woolwich, idan ana taron suna ko walima, ba a neman inda za a ajiye jariri. Ni ake nema. Tun muna sabbin zuwa daga Zariya, ina 'yar firamare, matan suka gano ba na iya kallon babba in ce masa a'a. Sai a miƙo mini yaro a ce, "Riƙe mini shi, yanzu zan dawo," uwar ta shige cikin mata, ba zan sake ganinta ba sai an fara tattara faranti. 'Yan matan da aka haifa a nan sukan amsa da Turanci cewa suna da abin yi, su wuce abinsu. Ni kuwa yabona ake yi: yarinya mai kunya, kamar ba a Landan take ba. Umma tana jin daɗin wannan yabon ƙwarai. Ni ma na daɗe ina zaton ina jin daɗinsa.

Bara da dogon hutu, iyalan Arewa na unguwarmu suka shirya tafiya. Za a yini a tsohon birnin Chester, a kwana, washegari a shiga duwatsun Wales. Na fi kowa ɗokin tafiyar, amma ban nuna ba. A ajin labarin ƙasa an koya mana yadda ƙanƙara ta sassaƙe duwatsun nan tun zamanin da, ta bar tafkuna a tsakaninsu. Akwai hoton wani tafki a bangon ajin, baƙi wuluk, kewaye da dutse, kuma kujerata tana daidai ƙarƙashinsa. Ni da ban taɓa hawan abin da ya fi matakalar tashar jirgin ƙasa tsawo ba, so nake in tsaya a sama in leƙo irin wannan ruwan da idona. Maƙwabciyarmu 'yar Jos, ma'aikaciyar jinya ce, ta ara mini takalmanta na hawan dutse. Sun yi mini yawa, ta ce in sa safa biyu.

Wanda ya shirya komai shi ne Dakta, abokin Abba. Matarsa kuma, wadda muke ce wa Anti, ita ta riƙe Umma lokacin da muka zo ba mu san kowa ba. Ita ta nuna mata kasuwa, ita ta raka ta neman mini makaranta. Suna da yaro da bai kai shekara ba, yana haƙori, ba ya yarda da keken jarirai sam, sai goyo.

Motar ba ta fita daga Landan ba Anti ta leƙo ta saman kujera.

"Ina 'yata ta kaina? Zo karɓi ƙaninki, ke kaɗai yake yarda da ke."

Na karɓa. A wannan tafiyar abin da na fi gani shi ne tsakiyar kansa, inda gashin ya murɗe kamar katantanwa, da miyaun da ya jiƙa mini mayafi.

A Chester matan suka fito cikin anko, atamfa shuɗiya mai zanen ganye, Turawa suna waiwayowa. Birnin yana da ganuwa ta jan dutse, kuma ana hawa samanta a zagaye garin da ƙafa. Umma ta ɗaga kai ta ce, "Ashe su ma suna da badala." Maza da samari suka hau. Matan kuma suka hango shaguna, irin waɗanda aka jera hawa biyu a cikin tsofaffin gidaje masu fari da baƙin katako, su ma sai an taka matakala. Keken jarirai ba ya hawa matakala. Aka tara kekunan a ƙarƙashin wata ƙofar gari, Anti ta kwance zanenta na sama ta ɗaura mini yaron a baya, aka ce in tsaya a nan in duba kaya.

Na san wannan ƙofar fiye da duk wanda ya je tafiyar. Na san idan ka murza dutsenta da yatsa yana barin jan gari kamar ƙasar Zariya. Na san akwai tattabara mai ƙafa ɗaya da take korar sauran. Ina jin takun mutane a saman kaina, ina jin muryar Yaya, babban wana, yana dariya a can sama, yana kiran abokinsa ya zo ya ga kogi. Wata tsohuwar Baturiya ta tsaya ta tambaye ni ko ɗana ne. Na girgiza kai. Lokacin da matan suka dawo da ledoji, aka ce lokaci ya ƙure, a koma mota. Ban taka ko matakala ɗaya ta ganuwar ba.

"Allah ya yi miki albarka," in ji Anti, tana gwada wani sabon mayafi a kafaɗa. "Wallahi Hajiya, kin iya tarbiyya."

Umma ta yi murmushi. Ni kuwa na gyara goyon na bi su mota.

Da safe muka shiga Wales. Hanya ta ƙuntace, allunan gefen titi suka koma wani harshe mai dogayen kalmomi. Tumaki ko'ina, kowace da ɗigon fenti a gadon baya, wasu ja, wasu shuɗi. An yi katangu da duwatsu zalla, babu siminti, sun hau tudu sun sauka kamar ɗinki. Can sai ga duwatsun da kansu, kawunansu cikin gajimare. Na sunkuya a hankali na cire takalmin da na zo da shi, na sa na aro, na ja igiyar sosai.

A filin ajiye motoci da ke gindin dutsen matan suka shimfiɗa tabarmi, aka sauke kuloli: shinkafa, dambun nama, waina da miyar taushe. Iska tana ɗaga gefen tabarma, ana danne ta da takalma. Su nan za su zauna, dutsen ya zama bangon hoto. Wata Baturiya mai jagorancin hawa, wadda Dakta ya ɗauko, ta tsaya tana duba ƙafafun masu tafiya ɗaya bayan ɗaya. Duk mai silifas ko takalmin gayu ta mayar da shi tabarma. Na matsa na tsaya a bayan Yaya. Ta kalli takalmana, ta ɗaga mini babban yatsa.

Sai na ji nauyi a bayana. Anti ce ta ɗora mini yaron ba tare da ta ce komai ba, kamar yadda ake rataye jaka a ƙusa. Hannuwana da kansu suka tallafe shi, ta miƙo zane, na ɗaura.

"Ke kuma ina za ki da waɗannan takalman sojoji?" ta ce, tana dariya. "Zo ki zagaya da shi can wajen tumaki, mu samu mu ci abinci."

Jagorar ta ce ba a hawa da goyo. Layin ya fara motsi. Yaya ya waiwayo ya ɗaga kafaɗa, ya bi su.

Na tsaya ina kallon bayansu. Na san yadda ranar za ta kasance: tumaki, bayan motoci, ƙamshin dambu, sannan a mota Yaya ya nuna mini hotuna a waya. Na kuma san idan na bari wannan ta wuce, babu ranar da zan iya.

Dakta yana ƙarshen layi, yana gyara sabuwar jakarsa, ga sanduna biyu a hannu, takardar shago ma ba a cire daga hularsa ba. Na nufe shi. Na kwance zanen, na zamo da yaron ta gefe, na riƙe shi da hannu biyu, na ɗan rusuna.

"Dakta, ga shi."

Ya dube ni kamar na yi masa magana da harshen allunan hanya.

"Na'am? Kai shi wajen mamansa mana."

"Hawa zan yi."

Muryata ta fito ƙarama, tana rawa, amma ta fito. Ban janye hannuna ba. Yaron ya miƙa hannu ya kama igiyar hular ubansa, dole Dakta ya saki sandunan ya karɓe shi. Na ninke zanen Anti na ɗora a kan jakarsa.

Wajen tabarmi ya yi tsit. Na ji an ajiye murfin kula. Na ji Umma ta kira ni sau ɗaya, da irin muryar da ba ta ɗagawa. Wata daga cikin matan ta ce, "Ikon Allah. Yau kuma?" Abba yana tsakiyar layi, ya juyo ya dube ni, ya dubi Dakta, sai ya gyara hularsa ya ci gaba da tafiya. Na bi bayansa. Ban waiwaya ba, domin na san idan na ga fuskar Umma zan koma.

Farkon hawan kuka nake yi, iska tana busar da hawayen kafin su kai haɓa. Ba wanda ya lura. Daga baya numfashi ya fi ƙarfin kukan. Hanyar duwatsu ce masu faɗi, masu santsi, ruwa yana bi ta tsakaninsu. Gansakuka ta rufe wasu, idan ka danna ta sai ta tsiyayo ruwa kamar soso. Abin da ya ba ni mamaki, duk wanda muka yi kiciɓis da shi sai ya gaishe mu. Turawan da a jirgin ƙasa ba sa haɗa ido da kowa, a nan har da tambayar ya hanya. Tun ina sunkuyar da kai har na fara amsawa.

Dakta ya cim mana daga baya, yana haki, babu yaron.

Da azahar muka tsaya a bakin wani ƙaramin rafi. Na yi alwala da ruwan da ya sa haƙorana suka yi zafi. Muka yi salla a kan rigunan ruwa, wata tunkiya tana tsaye tana kallonmu tana tauna. Takalman sun fara cin dugadugaina, safa biyun ba su hana ba. Yaya ya ce, "Kin dai jawo wa kanki, yau sai Umma ta yi miki wankin babban bargo." Na ce masa ya kula da gabansa kar ya zame. Ya dube ni, ya ce, "Au, har da ni?"

Ba mu kai ƙololuwa ba. A kan wani doron dutse jagorar ta dubi sama ta ce hazo yana saukowa, a nan za mu juya. Samarin suka yi ta gunaguni. Ni na matsa bakin doron, na kwanta rub da ciki kamar yadda ta nuna mana, na leƙa. Ga tafki can ƙasa. Ba baƙi ba ne kamar na hoton ajinmu. Gefensa kore ne, tsakiyarsa kalar toka, kuma idan iska ta bi ta kansa sai fatar ruwan ta yamutse daga wannan baki zuwa wancan. Babu kowa a bayana, babu abin da ke jan mayafina. Na daɗe a haka har hazon ya zo ya shafe tafkin a gaban idona, sanyi ya ratsa rigata.

Da muka sauko an naɗe tabarmi. Abin da na fara gani shi ne Umma a tsaye a gefen mota, yaron a bayanta, tana jijjiga shi, hannunta ɗaya dafe da ƙugu. Umma tana da ciwon baya. Tun safe ita ta karɓe shi daga hannun Dakta, don ta rufe abin da na yi. Wannan ya soke ni fiye da duk maganar da za a faɗa.

A mota ta zauna kusa da ni. Ba ta dube ni ba.

"Kin kyauta," ta ce a hankali. "A gaban maza. Matar da ta riƙe mu a garin nan."

"Umma, ki yi haƙuri da bayanki."

"Ba ni za ki ba haƙuri ba. Tashi ki je."

"Zan je in gaishe ta."

"Me kika ce?"

"Zan gaishe ta, Umma."

Na tashi, ƙafafuna suna zogi, na bi tsakanin kujeru. Hira ta tsaya. Anti tana can baya, an mayar mata da ɗanta, yana barci a cinyarta. Na durƙusa a gefenta.

"Anti, sannu da hutawa."

"Sannu, 'yar Landan," ta ce. "An sauko lafiya? Ai mun ɗauka can za ki tare."

Matan suka yi dariya. Ta jira sauran maganar, ni ma na san abin da take jira. Da ta ga shiru, sai ta ɗago yaron ta miƙo mini.

"To shi ke nan, ya wuce. Karɓe shi, hannuna ya sage."

Na kalli yaron. Ba shi da laifin komai, kumatunsa sun yi ja saboda sanyi. Hannuwana har sun fara ɗagawa, na mayar da su na haɗe a baya.

"Anti, na gaji. Dakta yana gaba, in kira shi?"

Na miƙe na koma kujerata. Umma ta juya fuskarta wajen taga, haka muka yi tafiyar har Landan, kuma ta yi kwanaki tana yi mini magana a taƙaice. Na shafa mata man zafi a baya, na yi wanke-wanke ba a sa ni ba. Sau biyu ta sake cewa in je gidan Anti in ba da haƙuri. Na je, na gaishe ta, na ci abincin da ta zuba mini, na wanke farantin. Haƙurin dai har yau ban bayar ba.