Aljanar da Ke Kira da Muryar Uwar Miji

Ni ban yi lakwal ba, makarantar boko kenan, allo ma iyakata abin salla. Matar autana ce ke rubuta wannan, kuma na faɗa mata in ta rage kalma ɗaya don ta wanke kanta, zan sa wani ya karanta mini in gane.

Shekarar da nake magana, ƴaƴana maza biyu sun tafi ci-rani tun gero bai gama shiga rumbu ba. Suka bar ni da matansu, da jikoki masu rarrafe, da gonar wake can bayan gari, mai tsohuwar kuka a tsakiya. Suka bar mana salula ɗaya, wai don su riƙa jin lafiyarmu. Lafiyar tamu sau biyu a wata ake tambaya. Sauran kwanakin, littafi salular ke karantawa.

Akwai wani mai sharjin salula a kasuwar Urafan da ke zuba wa mutane littattafai a kati, wani ɗan abu kamar farcen jariri. Wasu ke rubutawa, wasu su karanta da murya, ke kuma ki jingine salula jikin turmi kina daka kina ji. Da fari na hana. Sai na lura ranar da ake karatu, dakan da ke kai su azahar tun hantsi yake ƙarewa, kuma ba mai bakin yin gulmata. Na ƙyale su. Na dai jawo tabarmata kusa, don in san abin da ake zubawa a kunnen gidana.

Na soyayya suka fara da shi. Wani ƙato ya kwana uku yana kuka don yarinya ba ta ɗaga mishi waya ba. Na ce a miƙa mishi hauya. Daga nan matar autana ta zo da na ban tsoro, kuma a nan muka shiga uku.

Wadda ta rubuta shi, ko wace ce, ba ƴar birni ba ce. Ta san roron wake. Ta san yadda kwanso ke soke ɗan yatsa, ta san kukan da iska ke yi in ta shiga kogon kuka. A labarinta, aljana ce ke zaune cikin kukar gona, kuma da rana tsaka take kiran mata. Ba da muryarta take kira ba, da muryar uwar miji. Wadda duk ta ce "na'am", da yamma zanenta kawai ake tsinta, a ninke tsaf bisa ƙwarya.

Kashegari na kira matar babban ɗana daga ɗaki. Shiru. Na sake kira. Sai da na fito na same ta tsaye bakin madafa, tana leƙen ƙafafuna ko kofato ne.

"Ba ki ji ina kira ba?"

"Na ji, Inna. Ina so in tabbatar."

Wannan ita ce mai kunyar cikinsu, kuma tsoronta na gaskiya ne. Ƙaramar kuwa, mai rubutun nan, har yau ban yarda tsoro ne ya kama ta ba. Ta dai tsinci littafin da ya halatta mata ƙin amsa kirana, ta rungume.

Ƙin amsawa zan iya jurewa, ƙafata lafiya lau, ina iya zuwa in tsaya a kan mutum. Amma suka ce gonar kuka ba da su ba. Ranar kuma mai shela ya zagaya ya ce mai gari ya yanke, saura kwana tara a saki gonaki, dabbobi su shiga. Duk abin da bai bar gona ba kafin nan, na awaki ne da shanun Fulani, kuma ba wanda za ki kai ƙara. Waken nan shi ne miyarmu, shi ne ƙosan jikokina har damina. Ni kaɗai, da wannan bayan nawa, ko rabin rabi ba zan rore ba.

Na yi faɗa. Matar autana ba ta ce mini komai ba, don suruka ba ta mayar wa uwar miji magana. Ɗanta ta ɗauko ta ɗora a cinya, ta ce da shi, "Ka ji, ɗan baba, kakarka na so a mai da kai maraya saboda wake."

Ni ma na duƙa wajen yaron na ce, "Faɗa wa uwarka aljanar da za ta ɗauke ta, kafin la'asar za ta maido ta, har da ban haƙuri."

Babbar ta yi dariya, amma ba ta tashi ba.

Na yi tunanin jefa katin a murhu. To in na ƙone shi, labarin ya fita daga kansu? Ya riga ya zauna. Kwana biyu na je gonar ni kaɗai, na dawo da abin da bai cika buhu ba. A hanyar dawowa ta biyu ne na tuna yadda suke yi in an kai ƙarshen kashi, ko tuwo na ƙonewa sai sun ji na gaba. Na ce to.

Ranar kasuwa na ƙulle salular a bakin zane, na hau amalanken maƙwabci zuwa Urafan. Mai sharjin yana ƙarƙashin rumfarsa, wayoyi sun kewaye shi kamar ƴan tsaki. Magidanci ne da gemunsa, amma ni na yi wa uwarsa wankan jego, don haka ban tsaya dogon gaisuwa ba.

"Sabon marubuci nake so," na ce.

"Inna, wa'azi ko karatun Alƙur'ani?"

"Na ce maka mutuwa zan yi gobe? Na ban tsoro."

Masu jiran wayoyinsu suka juyo. Na dube su ɗaya-ɗaya har kowa ya koma kallon ƙasa.

Ya ce yana da wani sabo da mata ke rububi, na rijiya. Na ce in ka ba ni na rijiya wa zai ɗebo mini ruwa? Ya ce akwai na rumbu, wani hannu ke fitowa daga cikin gero. Na ce kai dai so kake mu mutu da yunwa. Abin da nake so, tsoron ya zauna inda ba mu da aiki. Kada in ji kuka, kada in ji tsamiya, kada in ji turmi. Kuma kada a taɓa uwar miji.

"Inna, ai uwar miji ita ce gishirin littafi."

"Uwarka na nan da rai. In je in faɗa mata?"

Ya shiga latsa na'urarsa. Na zauna a bencinsa na ce kowane ya sa mini farkonsa, ba na sayen akuya ban duba haƙoranta ba. Ya sa na wani mai yaƙin matsafa, jarumi ya sare kan mutum dubu da sara ɗaya, ya hau tsuntsu mai kai bakwai. Na ce wannan bai taɓa yanka kaza ba, cire. Ya sa na wata da aljaninta ke tuƙa mota yana fesa turare. Na ce wannan ba aljani ba ne, ɗan kasuwa ne. Muka yi ta yi har rana ta take, masu wayoyi sun daina tafiya, kowa na sa baki. Wani dattijo mai sai da igiya ya ce a maido na tsuntsun. Na ce ya sayi katinsa.

Can ƙasa ya tono wata da ya ce ba mai tambayarta, sabuwa ce, kuma babu aljani ko ɗaya a ciki. Labarin wata mai wanki ne a babban masauki, a wani birni na bakin teku. Tana laluben aljihun rigar baƙo kafin ta jiƙa, sai ta ciro ɗan yatsan mutum da zobe a jiki. Zoben kuma ta san shi, ita ta saya wa ƙanwarta. Mai karatu ya ce nan ne ƙarshen kashi na ɗaya.

"Sa na biyu," na ce.

Ya yi murmushi. Na ce murmushin me, aiki nake. Amma na san na samu, don ni kaina na manta ban sayi gishiri ba.

Da na koma gida na sa musu kashi na ɗaya a tsakar gida, suna tankaɗe. Da aka zo wurin zoben, rariya ta tsaya a hannun babbar. Na miƙa hannu na kashe salular, na mai da ita bakin zanena.

"Inna, saura," in ji ƙaramar. Yau ba ta bi ta wajen ɗanta ba.

"Saura na gonar kuka. Nan gidan ba ta kamawa."

"Littafi ai ba kiran waya ba ne, ba ya bukatar rezo."

"Wannan yana bukata."

Da safe na ɗauki ƙwaryata na fita, ban kira kowa ba, tunda ba a amsawa. Ban kai bakin gari ba na ji takun mutum biyu a bayana, da goyo, babbar tana ta karanta duk addu'ar da ta sani. Na rataye salular a reshen kukar da kanta. Doka ɗaya na kafa: buhu ya cika, a sa kashi na gaba.

Ban taɓa ganin roro irin wannan ba. Ranar da mai wankin ta shiga akwatin ƙarfen nan da ke hawa da mutane saman bene, ta tarar da mai rigar a ciki, ƙaramar ta cika buhu kafin in gama kunya biyu. Rana tsaka ta zo ta wuce, ba wadda ta ɗaga kai ta dubi kogon. Suna ta gardama, babbar ta ce mijin ƙanwar ne, ƙaramar ta ce mai masaukin ne. Ni na ce duk ku yi shiru, tsohuwar nan mai shara da ba ta magana, ku sa mata ido. Ni na ci. Tsohuwar da ta yi shiru tana kallo, na san abin da za ta iya.

Ana gobe sakin gonaki muka ɗora buhu na ƙarshe da harawa a amalanke. Da yamma na kira babbar daga ɗaki, ta ce "na'am" tun ban rufe baki ba. Ƙaramar sai a kira na biyu, amma ita dama haka take tun kafin a haifi aljanar.

Tun daga nan ni ke zuwa zaɓen marubuta ranar kasuwa. Mai sharjin ma in sabo ya shigo hannunsa, ajiye mini yake in fara ji. Na kukar kuwa ban bari an goge ba. Na ƙarasa shi ni kaɗai da hantsi, a ɗaki, ƙofa a buɗe. Yarinyar da ta rubuta shi ta iya, Allah ya shirye ta.

Abu ɗaya ya rage, kuma mai rubutu yanzu za ta fara jinsa. Ranar da aka saki gonaki na tuna na bar ƙwaryata a gindin kukar. Na koma ɗaukowa, rana ta take, shanu sun bazu can nesa. Na duƙa kenan na ji an kira ni da sunan da uwar mijina kaɗai ke kirana da shi, ita da ta shekara ashirin a ƙasa. Ƙila wata Bafulatana ce ke kiran ɗiyarta. Na ɗauki ƙwaryata na kama hanya, ban yi sauri ba, ban kuma amsa ba. Tana da rai ma ba kullum nake amsa mata ba.