Na Cikin Fiffike

Kawuna sojan sama ne, amma kada ka kuskura ka tambaye shi ko yana tuƙa jirgi, harara za ka sha. Makanikin jikin jirgi ne. Inji na wasu ne, wayoyi na wasu ne. Nasa shi ne fiffike da jela da ciki, da tulin ƙusoshin da suka riƙe su. A wurin aiki Gafiya suke ce masa, don ɗan firit ne, kuma babu ramin da ba ya shiga.

Ƙusar jirgi ba ta buguwa da mutum ɗaya. Wani yana waje da injin bugawa, wani yana ciki ya danna dunƙulen ƙarfe a bayan ƙusar har bakinta ya baje. Kawu ne na ciki. Yakan zura kai ta wata 'yar kafa a ƙarƙashin fiffike, ya ja ciki har inda ake so, fitila a goshi, warin mai na hawa masa kai. Na wajen kuwa, tun ban san kaina ba, mutum ɗaya ne, Dogo. Ba sa ganin juna, ƙarar inji kuma ta hana su jin juna, sai dai ƙwanƙwasa. Ɗaya, ƙara bugu. Biyu, ta zauna. Uku, ta lalace, a cire ta.

Matar Kawu ta rasu da wuri, ba su haihu ba, bai kuma sake aure ba. Ɗakinsa na bariki gado ne da rediyo da kujera ƙwaya ɗaya. In ya zo gidanmu hutu, hirarsa ba ta wuce Dogo. Hannun Dogo ba ya rawa. Dogo ya san Kawu ya gaji tun kafin ya ƙwanƙwasa. Wata rana Mama ta ce, "Yaya, in aka cire Dogo daga bakinka, me zai rage?"

Ya ce, "Haƙora."

Dogo ya riga shi ritaya, ya koma garinsu. Ranar sallama ya dafa kafaɗar Kawu ya ce, "In ka gama, ka dawo kusa da mu mana." Irin maganar nan da ake yi da jaka a hannu. Kawu kuwa ya ɗauke ta ya ajiye a zuci. Da tasa ritayar ta matso, ya yanke shawara: zai je ya roƙi Dogo ya nema masa ɗaki a unguwarsu, ya ƙarasa kwanakinsa a can. Ya ɗinka sababbin kaya. Ni na raka shi, don aikin ya cinye masa kunne, a tasha ba ya jin abin da ake faɗa.

Gidan Dogo cike yake, jikoki na tsalle, talabijin na ihu. Ya fito da hannu a buɗe.

"Gafiya! Kana nan da ranka?"

Murnar ta gaske ce, na gani da idona. Aka kai mu falo, suka gaisa, suka sake gaisawa.

"Ya aiki?" in ji Dogo.

"Na'am?"

"Aiki!"

"Da godiya."

Shi ke nan, magana ta ƙare. Kawu ya duba silin, Dogo ya duba ƙafarsa. Sai a lokacin na gane mutanen nan ba su taɓa zama fuska da fuska ba tare da ƙarfe a tsakaninsu ba.

Matar Dogo ta shigo da ruwa, ta gaishe mu da fara'a, ta dubi mijinta. "Baƙin daga ina?"

"Daga bariki. Wani ne da muka yi aiki tare. Gafiya."

Ta yi dariyar sunan. A fili yake ba ta taɓa jin sa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, don a gidanmu har kyanwa ta san Dogo. Amma na rasa laifin da zan ɗora wa bawan Allah. Shi Dogo kullum in ya ajiye inji gida yake komawa, ya tarar da mutane. Kawu ya riƙe kofin ruwan da hannu biyu, bai sha ba.

Can abokan Dogo suka leƙo suna kiran sa hira a ƙofar gida. Kawu ya miƙe ya ce za mu koma. Dogo ya raka mu har bakin titi, ya dubi Kawu.

"A waya ka ce akwai maganar da za mu yi?"

"Babu. Gaisuwa ce kawai."

"Kai, ka kyauta wallahi. Allah ya bar zumunci."

A mota Kawu yana ta kallon taga. Ni kuwa tausayinsa ya kama ni. Sai da muka kusa isowa ya juyo.

"Ɗakin nan na baya, inda mamarki take zuba tarkace, yana yoyo?"

Na ce, "Ba ya yi, Kawu."

"To ki tambayar mini ita. Ni ba zan iya ba."