Labulen Ƙarfe Bakwai

Shekara talatin da ɗaya Torvald Ekström ya yi yana tuƙa bas a garin Västerås, kuma ko da ya ajiye aiki bai ajiye halin direba ba, komai nasa da lokacinsa. Ƙarfe bakwai na safe yana tsaye a kicin da kofin gahawa, idonsa a kan tagar maƙwabciyarsa Gunvor, tsohuwa mai shekara tamanin da shida. In labulenta ya ɗagu, ta kwana lafiya ke nan. In bai ɗagu ba, sai ya zura takalmi ya bi ta wata kafa da ke cikin shingen da ya raba gidajensu. Sau biyu yana samunta yashe a ƙasa. Ba su taɓa zama sun ƙulla wannan ba, don a unguwarsu mutum ya gwammace ya laɓe a bayan ƙofa har maƙwabci ya wuce da ya fito a gaisa.

Sai gwiwoyi suka ci amanarsa, matakalar bene ta gagare shi. 'Yarsa ta samo masa ɗaki a tsakiyar gari, aka kira dillaliya mai suna Pernilla, mace mai murmushi kamar gonar auduga. Ta ce lallai a sayar da gidansa kafin bikin tsakiyar bazara, don daga ranar kowa ya gudu bakin tafki, ko kyauta ka bayar ba mai ɗaukar waya.

Ta sa aka kwashe hotunan marigayiyar matarsa, aka fitar da kujerarsa, aka jera lemon tsami a kwano. Torvald bai tanka ba sai da ya ga an toshe kafar shinge da ƙatuwar tukunyar fure.

"Wannan fa hanya ce," in ji shi.

"Haba Torvald, masu saye ba sa son su ji maƙwabta na shigo musu. Ka bar mini aikina."

Ranar Lahadi ake buɗe gida ga masu dubawa, kuma mai gida ba ya zama. Ya zagaya ta titi ya tare a kicin ɗin Gunvor, suna leƙe. Mutum wajen arba'in, kowa ya ɗaura leda shuɗiya a kan takalminsa don kada ya ɓata gidan, suna ƙwanƙwasa bango, suna satar kallon juna kamar masu neman mace ɗaya.

"Dubi wancan mai gemun, awon ɗakin barcinka yake yi," in ji Gunvor. "Ci burodin kirfa, ka daina huci."

"Ke ba abin da ya dame ki?"

"Ni? Na huta da tsohon da ke leƙa mini taga."

Ta faɗa tana dariya. Amma tsoro take ji, shi ma ya sani, tausayinta ya kama shi.

Suna nan aka ƙwanƙwasa ƙofar baya. Wata mata ce da leda a ƙafa, hannunta duk ƙasa.

"Ku yi haƙuri, sunana Tove. Na ga ciyawa ta mutu a layi ɗaya daga ƙofar can har gindin tukunya, sai na ture ta na biyo. Hanyar wa na shiga?"

"Ta wannan mai shisshigin ce," in ji Gunvor. Daga nan ta ba ta labarin labule, abin da ko ɗanta ba ta taɓa gaya wa ba. Tove ta saurara, ta ce ita ƙarfe shida take tashi, don gidan renon yara take aiki.

Kwana uku wayar Torvald tana ƙara, duk wanda ya ƙara tayi sai saƙo ya shigo. Ya tsani ƙarar nan. Tove ta janye tun a rana ta biyu, ƙarfinta ya ƙare. Mai gemu ya kere kowa.

"Tove zan sayar wa," Torvald ya gaya wa Pernilla.

"Ka san abin da ka bari kuwa? Kuɗin sabuwar mota fa!"

"Na gaji da tuƙi. Doka ta ce ni ke zaɓa, ko ba haka ba?"

Haka ne kuwa. Murmushin Pernilla ya ɗan dushe, 'yarsa ta yi faɗa har ta gaji, shi dai ya sa hannu. Bai roƙi Tove komai ba, kunya ta hana shi.

Safiyarsa ta farko a sabon ɗaki, sabo ya tashe shi. Ƙarfe bakwai yana tsaye da kofi, ba abin da ke gabansa sai bangon wani bene. Bakwai da minti biyar, ya fara laluben takalmi, ya tuna ba shi da shingen da zai bi. Sai waya ta yi ƙarar nan da ya tsana.

Tove ce: "Labule ya ɗagu. Ta ce in gaya maka ka daina leƙe."

Torvald ya zauna a bakin gado da takalmi ɗaya a hannu, ya yi ta dariya har hawaye suka zubo masa.