Sifikar da Take Numfashi a Shagon Kawu

Abin da na fara gani da na shiga shagon Kawu Idrisa ran nan shi ne yadin da ya rufe fuskar sifikar hagu yana motsi, ya kumbura ya lotsa, ya kumbura ya lotsa, alhali an ɗauke kahraba, wato wutar lantarki, tun safe, fankar sama ma tsaye take cik. Wallahi abin da zan gaya muku a idona ya faru, shekarun baya, ina ƙaramar sakandare a Gadarif.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, gyaran rediyo yake yi a suk, wato kasuwa, ni kuma idan an tashi madrasa can nake biyawa in zauna a lungu in jira mu tafi gida tare, don ni ba mai magana ba ce, kallo dai nake yi. Shi kuwa ba abin da yake so a duniya kamar tsoffin sifiku na katako, samma'a yake ce musu. Ya ce na yanzu na roba ihu suke yi, amma na da, idan ka rufe ido sai ka rantse mawaƙin ya cire takalmi ya shigo ya zauna gabanka.

Waɗannan biyun daga Fau aka kawo su, daga gidan wani tsohon manomi da ya rasu. Tsawonsu ya kai ƙuguna, katakon ja ne mai duhu, yana ƙamshin turaren wuta haɗe da warin man shafa ƙirji. Ɗan marigayin da ya kawo su yana shan jabana, gahawarmu ta nan, na ji ya ce wa Kawu, "A tsakiyarsu muka same shi, kan kujera, kaset ya ƙare. Ciwon ƙirji ne."

To Kawu yana da wata al'ada. Igiya yake ɗauka ya auna daga sifikar dama zuwa kujerarsa, ya auna daga ta hagu, sai sun zo daidai sannan ya zauna. "Nan ne wurin," in ji shi. "Ka gusa kaɗan, ka yi asarar rabin daɗin." Kullum bayan azahar yana nan a tsakiyarsu, har ya kai ko babu wuta sai ya zauna, ido rufe.

Daga lunguna ina ganin su duka, shi da sifikar. Sai na lura idan yadin ya kumbura, ƙirjin Kawu ya faɗa, idan yadin ya lotsa, Kawu ya ja iska da ƙyar. Kamar mutum biyu suna shan ruwa a kofi ɗaya, ɗaya yana fin ɗaya kurɓa. Na daure na ce, "Kawu, waccan tana motsi."

Ya yi dariya, ya cire yadin, ya taɓa ɗan batir a wayoyin baya, baƙar takardar ciki mai kamar kwano ta yi tsalle sau ɗaya. "Kin gani, 'yar nan? Sai an ba ta wuta. Yunwa ce ke sa ki gane-gane, je ki sayo mana dafaffen waken ful." Ya juya zai ajiye batirin, ni kuwa ina kallo takardar ta ci gaba da shiga da fita a hankali, ba waya, ba komai. Ya dawo ya mayar da yadin.

Kafin damina ta wuce Kawu ya rame, tafiya daga shago zuwa masallaci sai ya tsaya ya dafa bango. A asibiti aka ce ba a ga komai ba. Wani Balarabe mai tara irin waɗannan kaya ya yi ta zarya yana so ya saya, Kawu ya ƙi. Sai ranar da ya yanke jiki ya faɗi daga kujerar, leɓɓansa sun yi toka-toka, sannan matarsa Inna Sa'adiya ta aika aka kira mutumin ta sayar masa da sifikun ba tare da ta yi shawara da Kawu ba. Kawu ya yi fushi da ita sosai, amma ƙirjinsa ya buɗe, har yau yana nan da ransa. Ni ban san mene ne ba, ban kuma tambayi kowa ba. Abin da zan ce muku kawai, in kun sayi kayan mamaci, ku tambayi inda ya saba zama.

Ranar da mutumin ya zo ɗauka ni kaɗai ce a shagon da Inna. Aka ɗora sifikun a raksha, keken nan mai ƙafa uku, mutumin yana shafa katakon yana murmushi, ga 'yarsa ƙarama ta haye ta zauna a tsakaninsu, ta jingina kai da ta hagu. Na ga yadin ya kumbura. Ni da ko malaminmu ba na iya ɗaga ido in kalla, sai ga ni na riƙe ƙarfen rakshar.

Na kira mutumin yadda muke kiran manya da Larabci, na ce, "Ammi, don Allah ka ɗauke ta daga nan, ka riƙe ta a cinyarka. In kun isa gida kuma ka juya fuskar sifikun bango, kada ka auna tsakiyarsu, kada ka bar kowa ya zauna a wurin."